Dutsen da ya ɓace a hasken rana: nazarin gano Ceres da lissafin falakinsa

A daren Janairu, idan hazo ya ɗan lafa, wanda ya fito daga sallar isha a Kawo ko Tudun Wada ya ɗaga kai zai ga Kaza da 'Ya'yanta ta doshi tsakar ka. In ya miƙa hannu ya dunƙule, faɗin dunƙulen nan kimanin digiri goma ne a sararin sama. Kudu da Kazar da kamar faɗin dunƙule guda, a cikin burujin Sa, nan ne wani malamin kirista kuma masanin taurari, Giuseppe Piazzi, ya hango wani ɗan ɗigon haske daga birnin Palermo na tsibirin Sisili a daren 1 ga Janairu 1801, wajen ƙarfe tara saura. Ɗigon shi ne Ceres, mafi girma a cikin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin Mirrihi da Mushtari, wato Mas da Jufita. Piazzi ya bi shi kwana 41, sannan ɗigon ya ɓace wa kowa kusan wata goma.

Wannan nazari na malaman lissafi da kimiyya ne a makarantun Kaduna da ɗalibansu, da duk mai sha'awar kallon sama. Abin da lamarin ke nunawa shi ne, hango abu a sama bai isa a ce an gano shi ba, sai an san hanyar da yake bi har a iya cewa ga inda zai kasance baɗi.

Giɓin da ake nema

Mu ɗauki nisan duniyarmu daga rana, kimanin kilomita miliyan 150, mu kira shi taku ɗaya. A 1766 Johann Titius ya lura da wani tsari, Johann Bode kuma ya yayata shi a 1772: a jera 0, 3, 6, 12, 24, 48, 96, a ƙara wa kowace 4, a raba da 10. Za a samu 0.4, 0.7, 1.0, 1.6, 2.8, 5.2, 10.0. Kowace lamba ta yi kusa da nisan wata duniya da aka sani, ban da 2.8, wadda ba kowa a wurinta. Da William Herschel ya gano Yuranus a 1781 a taku 19.2, alhali tsarin ya ce 19.6, sai masana suka ɗauki giɓin da muhimmanci. Tsarin dai ba doka ba ce ta halitta, Neftun ta rushe shi a 1846, amma ya sa an duba inda ya kamata.

A Satumba 1800 Franz von Zach da wasu masana suka haɗu a Lilienthal ta ƙasar Jamus, domin neman duniyar da ake zaton tana cikin giɓin, suka raba hanyar buruji, wato zirin sama da rana da duniyoyi ke bi, gida 24, kowane mai kallo digiri 15. Sunan Piazzi yana cikin waɗanda aka zaɓa, amma takardar gayyata ba ta kai gare shi ba kafin ya yi ganinsa. Shi aikin da ke gabansa daban ne: rubuta kundin wuraren taurari.

Kwana arba'in da ɗaya

Wannan aikin kundi shi ne sirrin nasarar. Na'urar Piazzi wani zoben awo ne mai faɗin ƙafa biyar, wanda Jesse Ramsden ya ƙera a Landan, ɗauke da madubin hangen nesa mai bakin da bai wuce santimita 7.5 ba. Yana auna tauraro ne daidai lokacin da yake ƙetare layin zawali, layin nan daga arewa zuwa kudu da rana ke ƙetarewa kafin azahar. Agogo ya ba shi matsayin tauraron gabas da yamma, zoben kuma ya ba shi tsayinsa arewa da kudu. Kuma ba ya yarda da awon dare ɗaya. Kowane tauraro sai ya maimaita shi darare da dama a jere.

Daren farko ya rubuta ɗigon a matsayin tauraro mai haske na mataki na 8, wanda ido tsirara ba ya gani (a wannan ma'aunin haske, lamba na ƙaruwa haske na raguwa). Dare na biyu lambobin suka saɓa da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba. Ya zargi kansa da kuskuren awo, kuma hakan ne daidai ga duk mai awo na gari. Dare na uku da na huɗu saɓanin ya ci gaba ta fuska ɗaya, da gwargwado ɗaya. Kuskure ba ya tafiya a jere haka. Abin motsi yake yi.

Da farko yana ja baya ne zuwa yamma, wajen tsakiyar Janairu ya tsaya cik, sannan ya juya gabas. Piazzi ya samu awo 24 zuwa 11 ga Fabrairu, wasu ba cikakku ba saboda gajimare, sai rashin lafiya ta kwantar da shi. Kafin ya miƙe, lokacin ƙetare layin zawalin Ceres ya riga ya matso cikin hasken magariba, domin kowane tauraro yana rigan lokacinsa na jiya da kusan minti huɗu.

Akwai laifin da ba za a ɗora wa ciwo ko gajimare ba. Sai 24 ga Janairu Piazzi ya rubuta wasiƙa ga Bode da kuma abokinsa Barnaba Oriani na Milan, ya kira abin tauraro mai wutsiya, ko da yake ya shaida wa Oriani cewa ba shi da wutsiya ko hazo a jikinsa, kuma yana zaton ya fi haka. Lokacin yaƙi ne a Turai, wasiƙun suka yi makonni a hanya, Bode bai samu tasa ba sai cikin Maris. Cikakkun lambobin kuwa sai a Satumba aka buga su a mujallar wata-wata ta von Zach. Da an sanar da wuri, da wasu sun ci gaba da bin sa har cikin bazara da na'urorin da ke juyawa ko'ina, da kuwa bai ɓace ba.

Me ya sa ya ɓace

Bahaushe ya san ɓatan wata: a ƙarshen kowane wata yana kusantar rana har hasken ta haɗiye shi. Haka ya faru da Ceres a tsakiyar 1801. Bambancin shi ne, wata kwana biyu yake yi ya tsaya, kuma an san inda za a duba shi. Ceres watanni ya yi, kuma da ya fito ta gabas da asuba ba shi da wata alama da ta raba shi da taurari. A matsakaici, kowane murabba'in digiri ɗaya a sama yana da tauraro guda mai hasken mataki na 8, da kamar uku idan an kai mataki na 9, kuma taswirorin wancan zamani ba su ƙunshi yawancinsu ba. Wanda aka ce wa ya duba wani yanki mai tsawon digiri goma, an ba shi gomman ɗigo masu kama ɗaya, kowanne sai ya auna shi dare biyu.

Asalin wahalar tana cikin lissafi. Falakin duk abin da ke kewaya rana yana buƙatar lambobi shida: girman zoben, yadda ya karkace daga cikakken da'ira, kwanciyarsa a kan shimfiɗar falakin duniya, inda yake ƙetare wannan shimfiɗa, inda ya fi kusantar rana, da kuma inda abin yake a wani lokaci sananne. Shi kuwa madubi kusurwa biyu kawai yake bayarwa, ya nuna maka wajen da abin yake, bai faɗa maka nisansa ba. Ga shi mai kallon kansa yana kan duniya mai gudun kilomita 30 a daƙiƙa. Ja bayan nan da Piazzi ya gani ba Ceres ne ya juya ba, duniya ce ke wuce shi ta layin ciki, kamar yadda mai ƙaramar mota a hanyar Zariya ke ganin tirela tana komawa baya lokacin da yake wuce ta.

Duk tafiyar da Piazzi ya gani a sama kimanin digiri uku ce, wadda ta yi daidai da kamar digiri tara daga cikin 360 na zagayen Ceres. Da ɗan wannan guntu ake son a zana zoben gaba ɗaya. Dubi yadda ƙaramin kuskure ke kumbura. Ceres yana cin kimanin digiri 0.214 a rana. Daga 11 ga Fabrairu zuwa 7 ga Disamba kwana 299 ne, wato kusan digiri 64. Bisa dokar Kepler ta uku, wadda ta danganta girman falaki da tsawon lokacin zagaye, kuskuren kashi 1 cikin 100 a girman zoben yana haifar da kashi 1.5 a saurin tafiya, wanda a digiri 64 ya kai kusan digiri guda, faɗin wata biyu ke nan. Wannan daga lamba ɗaya ce tak cikin shidan.

Masu lissafin da suka fara gwadawa, har da Johann Burckhardt a Faris da Heinrich Olbers a Bremen da Piazzi kansa, sun rage wa kansu aiki ta hanyar zato. Wasu suka gwada hanyar tauraro mai wutsiya, ba ta dace ba. Wasu suka ɗauka cikakken da'ira ne, domin hakan yana sauke lambobi biyu daga cikin shida.

Malami zai iya nuna wa aji dalilin da zaton da'ira ke yaudara, da ƙusa biyu da zare a kan katako. A ɗauki santimita 10 a matsayin taku ɗaya. A kafa ƙusoshin da tazarar santimita 4.4, a ɗaura zare ya zama zobe mai tsawon santimita 60, a rataya shi a kansu, a ja da fensir a kewaya. Abin da zai fito ido ba zai raba shi da da'ira ba, domin rabin tsawonsa santimita 27.7 ne, rabin faɗinsa kuma bai gaza haka da milimita ɗaya ba. Amma rana ba a tsakiya take ba, tana kan ɗaya daga cikin ƙusoshin, santimita 2.2 daga tsakiya. Wannan 'yar gocewar ita ce komai. A kusa da rana, taku 2.55, Ceres yana cin kamar digiri 0.25 a yini. A can nesa, taku 2.98, kamar 0.18. A cikin 1801 kuwa yana gangarowa ne zuwa wurin da ya fi kusa da rana, yana ƙara sauri kullum. Masu lissafin da'ira sun ba shi sauri ɗaya, saboda haka suna nemansa a bayan inda ya kai.

Hanyar Gauss

Carl Friedrich Gauss yana da shekara 24 a Braunschweig lokacin da lambobin suka shigo hannunsa. Abin da ya bambanta shi shi ne ya ƙi yin zato a kan siffar zoben. Awo uku, kowanne da kusurwa biyu, lambobi shida ke nan, daidai da shidan da ake nema. Ya zaɓi ɗaya a farkon Janairu, ɗaya bayan kwana ashirin, da na 11 ga Fabrairu, don tazarar ta yi faɗi iyakar iyawa.

Matakan a taƙaice haka suke. An san inda duniya take a kowane daren daga jadawalin rana, saboda haka ana da layuka uku da suka tashi daga wurare uku sanannu, Ceres yana wani wuri a kan kowanne. Sharaɗi na farko: wuraren Ceres ɗin nan uku dole su kwanta a shimfiɗa ɗaya da rana. Na biyu dokar Kepler ce, cewa layin da ya haɗa rana da abin yana share fili daidai gwargwadon lokacin da ya wuce. Matsalar ita ce filin da aka share yana da lanƙwasasshen baki, shi kuwa lissafin shimfiɗa da alwatika mai miƙaƙƙen baki yake aiki. A ɗan gajeren zango su biyun sun kusa zama ɗaya, kuma bambancinsu shi ne gwargwadon yadda rana ta lanƙwasa tafiyar, wanda ya dogara da nisa. Daga nan nisan da madubi ya ɓoye yake fitowa. Ana fara da kimanta rabon alwatikan da rabon kwanaki, a fitar da nisan Ceres a awon tsakiya, a fitar da na sauran biyun, a gyara rabon da sabon sakamakon, a sake zagayowa har lambobin su daina canzawa. A tsarin da ya buga a littafinsa na 1809, nisan tsakiyar yana fitowa ne daga lissafi mai daraja ta takwas, wanda kan ba da amsa fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki ma falakin duniyarmu ce kanta, sai mai lissafi ya san wadda zai watsar.

Kafin duk wannan sai an tsabtace awon: a cire lanƙwasar haske a iska, a gyara saboda mai kallo yana bisa doron ƙasa ba a cibiyarta ba, a kuma rage lokacin tafiyar haske, minti 8 da daƙiƙa 19 ga kowane taku, wato sama da kwata ɗin awa ga Ceres a lokacin. Bayan ya samu zoben, Gauss ya koma ya gwada shi da sauran awon da bai yi amfani da su ba, ya yi ta gyara har saɓanin ya koma 'yan daƙiƙoƙin kusurwa (digiri ɗaya minti 60 ne na kusurwa, kowane minti kuma daƙiƙa 60). Duk da alƙalami da jadawalin logarizim. Yabo a nan na mutum biyu ne, domin da awon Piazzi ba mai kyau ba ne, da hanyar ba ta haifar da komai ba.

Ya samu girman zoben, wato matsakaicin nisan Ceres daga rana, kimanin taku 2.77, karkacewa kimanin 0.08, kwanciya digiri 10.6, zagaye cikin kwana kusan 1,681. Wurin da ya nuna ya fi na sauran matsawa gabas da kamar digiri shida. Von Zach ya buga hasashen, ya kuma duba daga Seeberg kusa da Gotha a 7 ga Disamba 1801, ya ga ɗigon da yake zargi a burujin Sumbula, gajimare ya rufe shi makonni, sai daren 31 ga Disamba ya tabbatar. Olbers ma ya same shi a farkon Janairu 1802. Tsakanin hasashe da gaskiya bai wuce rabin digiri ba.

Abin da ya biyo baya da sauri ya zo. Olbers ya gano Pallas a Maris 1802, Karl Harding ya gano Juno a 1804, Olbers ya ƙara da Vesta a 1807, aka gane cewa giɓin ba duniya ɗaya ba ce, tarin duwatsu ne. Faɗin Ceres kimanin kilomita 940 ne, yana juyawa a kansa cikin awa tara da 'yan mintoci. A 2006 aka sa shi a ajin ƙananan duniyoyi, kumbon Dawn kuma ya shiga kewaya shi a Maris 2015. Matsalar guntun awo dai ba ta ƙare da Gauss ba: dutsen Mildred, mai lamba 878, an gano shi a 1916, ya ɓace, sai 1991 aka sake kama shi. Shi ya sa cibiyar da ke rajistar waɗannan duwatsu a Amurka ba ta ba sabon dutse lambar dindindin sai an bi shi shekaru, galibi sai an gan shi a karo huɗu na fitowarsa kishiyar rana.

Maimaita aikin daga Kaduna

Kaduna tana digiri 10.5 arewa, kimanin 7.4 gabas, kuma wannan gata ne: ko Ceres ya karkata arewa ko kudu, yana hawa sama sosai, abin da mutanen Jamus ba su samu ba. Lokacin kallonsa shi ne sa'ad da yake kishiyar rana kamar watan daren sha huɗu, ya fito da magariba ya faɗi da asuba. Hakan na dawowa duk bayan kwana kusan 467, wata goma sha biyar da kamar kwana goma, don haka kowace fitowa tana faɗawa a wani yanayi daban. Wadda ta faɗo a Agusta sai haƙuri, gajimaren damina ba ya barin dare uku a jere. Wadda ta zo daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ita ce ta more, ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba. Cikin hunturu kuwa a jira abin ya hau tsakar ka, inda ƙurar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci.

Haskensa yana tsakanin mataki 6.7 da 9.3. A lokacin kishiyar rana madubin hannu mai ido biyu, samfurin 10x50, ya isa. A sa wurin Kaduna a manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, a nemo Ceres, a kwafi taurarin da ke kewaye da shi a takarda tun da rana. A guji dararen farin wata. Filin makaranta mai katanga da maigadi, nesa da fitilun titi masu sola, ya fi a fita daji da dare, kuma daren da aka ɗauke wuta a unguwa shi ne mafi kyau. A ba ido minti ashirin a duhu, a rufe bakin tocila da jar leda, a jingina gwiwar hannu a kan katanga, domin rawar hannu kaɗai tana ɓatar da ɗigon mataki na 8. Ƙurar da ta hau gilashin a hure ta da abin hura iska, kada a goge da bakin riga, yashi ne, yana karce shi.

Sai a zana abin da aka gani, ba abin da manhaja ta nuna ba, a sa ɗigon da ake zargi tsakanin taurari uku na kusa. A lokacin kishiyar rana yana ja yamma da kusan minti 13 na kusurwa a yini, wato dare biyu zuwa uku ya ci faɗin wata. Ɗalibi zai ce, "Malam, na dawo jiya bai motsa ba." Abu biyu ne: ko tauraro ya zana a madadinsa, ko an yi kallon kamar wata ɗaya da rabi kafin kishiyar rana ko bayanta, lokacin da yake tsayawa ya juya, irin tsayuwar da Piazzi ya gani a tsakiyar Janairu. A wannan hali sai a ba shi mako guda.

Mai kyamara ya ɗora ta a kan ƙafa uku da gilashin milimita 50, ya buɗe daƙiƙa biyar zuwa takwas. Fiye da haka taurari za su zama zane, domin sama tana juyawa daƙiƙa 15 na kusurwa a kowace daƙiƙar agogo. Kowane zane ko hoto a rubuta masa kwanan wata da lokaci har zuwa minti, a kuma nuna cewa agogon Najeriya ne, wanda ke gaban agogon duniya, wato GMT, da awa ɗaya. Wanda ya manta ya cire wannan awar ya gusar da Ceres da sama da daƙiƙa 30 na kusurwa, kuma kallon ƙarfe sha biyu da rabi na daren Litinin wayewar Talata, a agogon duniya, sha ɗaya da rabi ne na dare, kwanan watan kuma na Litinin ne.